Yadda Ake Ɗinke Ɓaraka a Ikkilisiya, da Inda Ya Kamata Fasto Ya Tsaya

Ranar Lahadin da na tabbata ikkilisiyarmu ta rabu biyu, ba wanda ya ɗaga wa wani murya. Ina tsaye a bakin ƙofa ina yi wa mutane maraba, sai na lura duk wanda ya shigo sai ya ɗan tsaya ya duba kafin ya zaɓi benci. Waɗanda zuciyarsu ke tare da tsohon fastonmu, wanda aka yi wa canji wata uku kafin nan, sun cika gefen dama. Masu murna da sabon sun yi hagu. Da aka kira Matan Zumunta su ba da waƙa, rabinsu ba su ɗaura zanen ƙungiya ba, mai buga tulu kuma ta ce hannunta na ciwo. Bayan an tashi muka ƙirga baiko a ɗakin dattawa, ni da ma'aji muka dubi juna, don abin da ke cikin kwando bai kai rabin wanda muka saba gani ba.

Shekara ɗaya da rabi muka yi a cikin wannan hali. Abin da zan kawo a nan shi ne abin da muka yi, haɗe da wanda da mun sani da shi muka fara. Na rubuta ne don dattawa, fastoci, shugabannin mata da na matasa, da duk wanda ya gaji da zuwa sujada gabansa na faɗuwa.

Ciwon dai tsoho ne. Bulus ya zauna a Koranti shekara ɗaya da wata shida yana koyarwa. Bayan tafiyarsa Afolos ya zo, mutumin Iskandariya, gwanin magana. Ba a jima ba mutanen gidan Kuluwi suka kai wa Bulus labari cewa abu ya dagule: wannan na cewa shi na Bulus ne, wancan na Afolos, wani na Kefas, wato Bitrus. Bulus da Afolos kuwa ba su da wata rigima a tsakaninsu, bishara ɗaya suke wa'azi. Jama'a ce ta ɗauki sunayensu ta mai da su tuta. Yawancin rigingimun da na gani haka suke. Za ka ji ana ta jifa da ayoyi, amma in ka tona ba koyarwa za ka tarar a ƙasa ba. Mutum za ka tarar, ko kuɗi, ko kujera, ko wani bawan Allah da aka manta da shi.

Mataki na ɗaya: a tsayar da faɗan tukuna

Ba a yi wa mutum ɗorin ƙafa yana cikin gudu. Majalisar dattawa ta zauna ta ajiye wa'adi, wata biyu ko uku, a sanar da shi a gaban jama'a.

A cikin wa'adin, ba habaici daga bagade. Wannan ya haɗa da wa'azi, da sanarwa, da waƙar ƙungiya, har da addu'a. In wani ya tashi ya ce "Ya Ubangiji, ka kunyata masu hana ikkilisiyar nan ci gaba", ai kowa ya san da wa yake, kuma ba Allah yake wa magana ba. A rufe zauren WhatsApp na ikkilisiya yadda sakatare kaɗai zai iya sa sanarwa. Sannan a dakatar da duk wani babban hukunci: ba sa mutum a horo, ba tsige shugaban ƙungiya, ba zaɓe, ba sabon gini. Duk abin da aka yanke a irin wannan lokaci, komai daidaicinsa, ɓangare ɗaya zai ɗauke shi nasara, ɗayan kuma cin fuska.

Mataki na biyu: a nemo ainihin abin da ya tsamar da ruwan

Ruwa ba ya tsami banza. Kada a kira babban taro a ce kowa ya faɗi damuwarsa, nan ne masu baki ke cinye lokaci, masu ainihin ciwo su koma gida da abinsu. Gida-gida za a bi, mutum biyu-biyu, a haɗa wanda wannan ɓangare ya yarda da shi da wanda wancan ya yarda da shi. Mata su je wa mata. Fasto ba ya cikin masu wannan yawo.

Tambaya biyu ce: "Baba, me ya ɓata maka rai?" da kuma "Tun yaushe?" Ta biyun ta fi ta farko tono gaskiya. Masu ziyara ba su je kare kowa ba, ba su je gyara labari ba. Su saurara, su rubuta, su yi addu'a, su tashi.

Ni aka tura gidan wata gwauruwa da sunanta ke saman takardar koken da aka kai wa shugabannin ɗarika na gunduma. Na je da shirin jin dogon zargi a kan sabon fasto. Ta shimfiɗa mana tabarma, ta kawo ruwa, ta daɗe ba ta ce komai ba. Can ta ce, "'Ya'yana, ni ba ruwana da wane ne fasto. Da maigidana ya rasu, wancan ya zo gidan nan sau uku, har da damina ya turo yara suka gyara mini rufi. Tun da ya tafi ba wanda ya leƙo ni, sai ranar da ake neman hannu a takarda." Ni da abokin tafiyata muka sunkuyar da kai, don mu dattawa ne, kuma ziyarar da take magana aikinmu ce, ba ta fasto kaɗai ba.

Haka ya faru a Urushalima, a Ayyukan Manzanni sura 6. Yahudawa masu jin Helenanci suka yi gunaguni cewa ana tsallake gwaurayensu a rabon abinci na kullum. Manzanni ba su ce musu ku tuba daga gunaguni ba. Sun yarda akwai matsala, suka ce jama'a ta zaɓi mutum 7 su riƙe rabon. Duba sunayen waɗanda aka zaɓa, su Istifanas da Filibus da Nikolas mutumin Antakiya: duka sunayen Helenanci ne. Wato an damƙa rabon a hannun mutanen da masu kuka za su amince da su.

In rahoto ya taru, a ware shi. Akwai na koyarwa, wanda sai an nemi hukuncin Littafi da matsayin ɗarika. Akwai na zunubi bayyananne. Akwai na tsari, wato kuɗi, zaɓe da rabon muƙamai. Akwai kuma na sakaci da raini. Kowanne da maganinsa. Kuskuren da muka fi yi shi ne mu ɗauki maganin zunubi mu ba mai ciwon sakaci, a sa mutum a horo alhali gaisuwa yake nema.

Mataki na uku: fasto ya sauka daga shugabancin ɓangare

Nan ne gizo ke saƙa. Ban taɓa ganin rabuwar da ta daɗe ba, sai da wani mai hidima, na yanzu ko na da, yana jin daɗin a ce "mu mutanensa ne".

Bulus bai ji daɗin a ce ana nasa ba. Tambayarsu ya yi ko shi aka gicciye dominsu, ko da sunansa aka yi musu baftisma. Har godiya ya yi wa Allah da bai yi wa kowa baftisma a cikinsu ba sai Kirisbus da Gayus da iyalin Istifanas. Ya ce shi shuka ya yi, Afolos ya yi ban ruwa, Allah ne ya sa girma, su kuwa jama'a gonar Allah ce. Duk wanda ya taɓa ɗaukar ɗan ƙodago ya gane maganar. Ɗan ƙodago yana iya fin mai gona iya noma, amma ba ya kafa iyaka a tsakiyar gona ya ce daga nan zuwa can tawa ce, kuma in lokacinsa ya cika ba ya tafiya da kunyar gona ko ɗaya.

To, ga abin da fasto zai yi a aikace.

Ya tara waɗanda suka fi nuna masa ƙauna, masu zuwa gidan fasto da dare da labarin "Baba, ka ji abin da su wane suka ce?", ya gaya musu a fili: "Na gode, amma daga yau kada wanda ya ƙara kawo mini maganar wani in ba za mu je wurinsa tare ba." Rabin masu kawo rahoto za su daina zuwa. Mama Fasto ma haka, domin labarin da ya kasa shiga ta ƙofar zaure yakan zagaya ta madafa.

Ya fara ziyara daga gidajen waɗanda ba sa yi da shi. In ɗansu ba lafiya, ya riga kowa zuwa asibiti. In suna da suna ko biki, ya je ya zauna ya ci abinci, ba ya yi addu'a a tsaye ya wuce ba.

Ya cire hannunsa daga kuɗi. Ba don ana zarginsa ba. Bulus da kansa, da zai kai gudummawa Urushalima, sai da ikkilisiyoyi suka zaɓi wanda zai raka kuɗin, don kada a sami abin faɗa (2 Korantiyawa 8).

Ya kuma san iyakar aikinsa. Manzanni sun ce nasu addu'a ne da hidimar Maganar Allah. Afisawa 4 ta ce an ba da makiyaya da masu koyarwa ne don su shirya tsarkaka su yi hidima. Bitrus ya gargaɗi dattawa kada su nuna wa garke iko, su zama abin koyi. Faston da shi ne mai wa'azi, shi ne mai sa hannu a banki, shi ne mai sayo siminti, shi ne mai zaɓen shugabar mata, ya tara wa kansa rigimar mutum goma. Ban ce ya zama hoto ba. In koyarwar ƙarya ta shigo, ko wani ya zama irin Diyotarifis na wasiƙar Yahaya ta uku, mai son zama gaba yana korar 'yan'uwa, fasto ne zai fara tsayawa ya ce a'a. Amma tsayawa kan gaskiya daban, tara magoya baya daban.

Da kakar zaɓe kuma ya ƙara kame bakinsa. 'Yan jam'iyyu daban-daban ke zaune a gabansa, kuma bayan an gama ƙirga ƙuri'a shi ne zai binne matattun duka biyun.

Tsohon fasto ma yana da nasa. In an yi maka canji, ka tafi da gaske. Kada a riƙa kiranka a waya kana yanke hukuncin ikkilisiyar da ka bari. In tsoffin membobinka suka gayyace ka ɗaurin aure, ka ce su bi ta wurin fastonsu. A ƙarshen wasiƙar farko zuwa Korantiyawa, Bulus ya ce ya roƙi Afolos ƙwarai ya koma wurinsu, shi kuwa ya ƙi zuwa a lokacin. A ganina mutanen biyu duka sun yi dattaku: ɗaya bai ji tsoron farin jinin ɗan'uwansa ba, ɗayan bai je ya hura wutar masu kiran sunansa ba.

Mu jama'a kuma mu yi wa kanmu faɗa. Mu ne ke kumbura fasto da kirari har ya manta shi bawa ne, mu ne kuma ke hana shi albashi in mun yi fushi. Riƙe zakka don a ƙuntata wa fasto ba hanyar gyara ba ce, 'ya'yansa ne ke kwana da yunwa.

Mataki na huɗu: ido da ido kafin taro

In aka bi diddigi, babbar rigima takan koma kan mutum biyu ko uku. A Filibi ma mata biyu ne, Afodiya da Sintiki, har Bulus ya kira sunansu ya roƙi wani amintaccen abokin aiki ya taimake su. Tsarin Matiyu 18 a bayyane yake: ka je kai da shi kaɗai, in bai ji ba ka ɗauki mutum ɗaya ko biyu, sai a ƙarshe a kai wa ikkilisiya. Mu kuwa mun saba farawa daga ƙarshe.

In ƙarar a kan fasto ce ko dattijo, kada a karɓa sai da shaidu biyu ko uku, kamar yadda 1 Timoti 5:19 ta ce. Takardar da ba sa hannu, a mayar da ita inda ta fito. Amma in shaida ta tabbata, musamman kan cin amanar kuɗi ko lalata da wadda aka ba shi kiwo, kada a rufe da sunan zaman lafiya. A kai gunduma bisa tsarin ɗarika. Rufa-rufa ce ke haifar da rabuwar da ba ta ɗinkuwa.

Mataki na biyar: zaman sulhu

A nemo mai shiga tsakani daga waje: wakilin gunduma, ko fasto mai ritaya da kowa ke jin nauyinsa. Sharaɗinsa ɗaya, ɓangarorin biyu su ce sun yarda da shi kafin ya zo. In ƙabilanci na cikin maganar, kada ya fito daga ɗaya cikin ƙabilun da ke ja.

Kowane ɓangare ya turo mutum biyar zuwa bakwai, da mace da matashi a ciki. Kada a yi zaman bayan sujadar Lahadi, mutane sun gaji ga yunwa. A sa Asabar da safe, a shirya abinci, a ci a kwano ɗaya. Fasto ya zauna cikin jama'a, ba a kujerar shugaba ba.

Mutum ya faɗi abin da ya gani da idonsa ko ya ji da kunnensa, ba "an ce" ba. Kafin ɗaya ɓangaren ya ba da amsa, sai ya maimaita abin da ya ji har mai maganar ya ce "haka nake nufi". Wannan ƙa'ida tana cin lokaci, mutane kuma sukan ji ta kamar wasan yara, amma a namu zaman ita ce ta sa wani dattijo ya tsaya tsakiyar magana ya ce, "Ashe ba abin da ka ce ke nan ba."

Sannan kowane ɓangare ya faɗi nasa laifin da bakinsa. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Shugabanni su fara. A wurinmu sabon faston ne ya tashi ya ce ya yi gaggawar sauke mutanen da ya tarar a kan aiki ba tare da ya tambayi kowa ba. Bayan wannan, ba wanda ya iya ci gaba da ɗaure fuska.

Zama ɗaya ba ya isa. Mu huɗu muka yi. Abin da aka amince a rubuta, kowa ya sa hannu. Taron Urushalima na Ayyukan Manzanni 15 ma bai tashi da baki kawai ba, wasiƙa aka rubuta, aka haɗa ta da Yahuza da Sila su je su karanta wa jama'a.

Mataki na shida: a toshe inda ke yoyo

In an rungumi juna an yi kuka amma tsari bai canza ba, baɗi war haka za a dawo.

Kuɗi: mutum uku su ƙirga baiko nan take, su sa hannu, a riƙa sauya su. Cire kuɗi a banki sai da hannu biyu. A karanta rahoton shiga da fita kowane wata uku, a kuma manna shi a allo. Masu bincike su zo daga waje sau ɗaya a shekara.

Zaɓe: a karanta wa jama'a abin da kundin ɗarika ya ce kafin ranar, a kiyaye wa'adin muƙami. Dattijon da ya shekara ashirin a kujera ɗaya, ko mala'ika ne, ya huta.

Sai batun da ba mu son faɗa. A garuruwa da yawa sujadar Hausa da ta Turanci sun zama ikkilisiya biyu a ƙarƙashin rufi ɗaya: manoma da tsofaffi a nan, ma'aikata da 'yan boko a can, kuma kowa ya san wacce aka fi saya wa kayan kiɗa. Bulus ya tsawata wa Korantiyawa kan irin wannan, inda mai hali ke ƙoshi a wurin Jibin Ubangiji marar hali na kallo. A tabbata kowace sujada da kowace ƙabila tana da murya a majalisa, asusu ya zama ɗaya, a kuma yi sujadar haɗin gwiwa ko sau ɗaya a wata, da fassara.

A raba ziyara unguwa-unguwa, kowane dattijo da gidajensa a rubuce, gwauraye da marasa lafiya a sama.

Mataki na bakwai: sanarwa da Jibin Ubangiji

Wakilan ɓangarorin su tsaya tare a gaban jama'a a karanta yarjejeniya, ba tare da an sake tona wane ya yi me ba. Kada a yi gaggawar shirya Jibi don a nuna wa gunduma an shirya. A bar mako biyu ko uku, masu sauran magana a tsakaninsu su gana. Bayan nan a nemi aikin da za a yi da hannu tare, noman gonar ikkilisiya ko gyaran ɗakin wata gwauruwa. Mutanen da suka yi gayya tare sukan manta wane gefe suke zama.

In abin ya ƙi

Wani lokaci ba ya ɗinkuwa. Bulus da Barnaba sun yi saɓani mai zafi a kan Markus har suka rabu, ɗaya ya yi Kubrus, ɗaya ya bi ta Suriya da Kilikiya. Daga baya Bulus da kansa ya aika a kawo masa Markus, ya ce yana da amfani a gare shi. In rabuwa ta zama dole, a yi ta yadda gobe za a iya gaisawa. Gunduma ta shiga, a buɗe wa masu tafiya sabon wurin sujada da albarka, a ba su benci da littattafan waƙa. Ba sa kwaɗo a ƙofar majami'a, ba kiran 'yan sanda, ba kotu. Kuɗin lauya daga baikon talakawa yake fitowa, maƙwabta kuma suna kallo.

Maƙwabta na wata ɗarika

Wannan ma yana da kyau a tuna. Yawancinmu ba zama muka yi muka auna koyarwa muka zaɓi ɗarika ba, mishan ɗin da ya iso ƙauyen kakanninmu ne ya zaɓa mana. Inda mishan ɗin SIM ya yi aiki aka sami ECWA, wadda ta tsaya da ƙafarta a 1954. 'Yan mishan ɗin SUM sun sauka Wase a 1904, daga aikin reshensu na Ingila COCIN ta fito. LCCN ta faro daga Numan a 1913, EYN kuma daga Garkida a 1923. Littafi Mai Tsarki na Hausa da ya fito a 1932 kuwa duka suka karanta, kuma tun 1955 iyayenmu a wasu daga cikin ɗarikun nan suka ga ya kamata a yi tarayya, abin da ya zama TEKAN, wato Tarayyar Ekklesiyoyin Kristi a Nijeriya.

Saboda haka in wani ya gudo daga ikkilisiyar maƙwabta cikin fushi, kada fasto ya yi murnar samun sabon memba mai zakka. Ya tambaye shi takardar sallama, ya kira fastonsa. Wanda ke ƙarƙashin horo a can kada a ba shi makirufo a nan.

Bayan wata shida majalisa ta sake zama ta duba abu uku: littafin baiko, yadda mutane ke zama a benci, da kuma su wa suka je gaisuwa a rasuwar da aka yi ta ƙarshe. In har gefe ɗaya ne kawai ya je, a sake raba mutane biyu-biyu su koma bin gidaje.